ƊIGON DA YA FITA LAYI

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da cewa Auta ta cika taurin kai, ta karɓi makarantar da yayanta ya zaɓa mata ta huta mana, wannan shafin naku ne. Ku nemi wuri ku zauna kafin ku fara.

*

"Kin cire ɗigo ɗaya."

Auta ta matso da fuskarta kusa da kwamfuta. Zufa ta gama jiƙa mata baya, don da hannunta ta kashe fanka, ta ja ƙofar kwantenar da yayanta ya mayar ofis ta rufe ruf, kada ƙarar dukan ƙarfe daga fili ta shiga cikin hirar.

"Na'am, Farfesa?"

Matar da ke cikin allon ta gyara zaman tabarau. Ita ce shugabar sashen lissafin hada-hadar kuɗi a makarantar nan ta nesa da Auta ta nema a ɓoye, inda ake koyon yadda lissafi zai hango motsin farashi tun bai motsa ba. Wannan ce ganawar ƙarshe. Daga ita sai gurbin digiri na biyu, ko kuma a ce mata Allah Ya haɗa kowa da rabonsa.

"Aikinki ya burge ni, ba zan ɓoye miki ba," in ji Farfesa. "Kin ɗauki bayanan awon kaya na filin tsofaffin ƙarafanku, kin nuna duk lokacin da wata unguwa ta daɗe babu wuta, jan ƙarfe yana cika muku fili, farashi ya sauka. Ba a taɓa kawo min irinsa ba. Amma na bi ranakunki ɗaya bayan ɗaya, akwai wadda ta ɓace."

"Ni na goge ta. Tana ɓata min layi ne."

"Dawo min da ita."

Auta ta dawo da ita. Sauran ɗige-ɗigen duk sun jeru kamar tururuwa a gindin bango, shi kuwa wannan ya haye can sama shi kaɗai, ko kusa da 'yan'uwansa bai zo ba.

"Me ya faru a ranar?"

"Ban sani ba, Farfesa. Lamba nake ba ranakun, ba na duba kwanan wata."

Farfesa ta yi 'yar dariya. "Ciwon masu lissafi ke nan. To, ga wata tambayar. Me ya haɗa ɗauke wuta da jan ƙarfe?"

"Idan babu wuta masana'antu suna tsayawa, sai su samu lokacin share tarkacensu su kawo mana."

"Da haka ne da baƙin ƙarfe ya ƙaru, alminiyam ma ya ƙaru. Me ya sa jan ƙarfe kaɗai?"



Auta, yarinyar da ta yi rarrafe a filin ƙarafa, ba sai an gaya mata abin da ke cikin kebul ɗin wuta ba. Ta san jan ƙarfe ne. Ta san warin ramin da ake ƙona robarsa a bayan fili, warin da ko wanki ba ya fitar da shi daga kaya. Ta san wannan, ta san wancan, amma ba ta taɓa barin su sun haɗu a kanta ba, don layin yana fita da kyau, ita kuwa mayyar layi mai kyau ce.

"Kada ki damu, ba yanzu nake son amsar ba," in ji Farfesa. "Gurbin naki ne, har da tallafin karatu. Na tura miki saƙo a waya. Kore kin karɓa, ja kin ƙi. Ki danna kafin mu tashi daga ofis yau, don akwai mai jira a bayanki. Sharaɗina ɗaya ne, ki zo min da labarin ɗigon nan. A ajina ba a goge ɗigo sai an tambaye shi me ya kai shi can."

Murna ta kama Auta. Tana murmushi ta kai hannu ta danna ɗigon, kwanan watan ya fito.

Murmushin ya bushe a fuskarta.

Ranar nan ce da ba a ambatonta a gidansu. Ranar da aka ɗauke wutar asibiti da asuba, na'urar da ke shaƙa wa Baba iska ta tsaya, janareta ya ƙi kawowa saboda ɓarayin da suka yanke kebul ɗin asibitin har da nasa suka haɗa. Wata nas ta miƙa wa Umma jakar roba mai hura masa iska ta ce ta yi ta matsawa kada ta tsaya. Umma ta matsa, ta matsa, har rana ta ɗago, har yatsunta suka ƙage. Tun daga ranar hannuwanta suke rawa, ko kofin ruwa sai da biyu take riƙewa, kuma duk wanda ya ce mata kwana ne ya ƙare sai ta girgiza kai ta ce, "A'a, hannuna ne ya gaji."

A ranar ce filinsu ya karɓi jan ƙarfen da bai taɓa karɓar irinsa ba.

GARAM!

Ƙofar kwantenar ta daki bango ta dawo. Yaya ne ya cika ƙofar, idanun nan jawur, jijiyar wuyansa a tsaye.

"Da wa kike magana?"

"Yaya, ai na ɗauka ka tafi kai kaya..."

"Na ce da uban wa kike magana!"

"Lafiya kuwa? Wane ne wannan?" in ji Farfesa daga cikin allo.

Auta ta kai hannu za ta kashe, ya riga ta. Ya buga murfin kwamfutar a kan yatsunta ya danne da ƙarfinsa. Ihun bai gama fita ba ya ɗauke ta da mari, irin marin da ke ɗauke ji. Ta faɗa kan kujera, kujerar ta kife da ita.

"Na je makarantar cikin gari in yi miki rajista," ya ce yana huci. "Na tsaya a layi da girmana kamar wani ɗan aike. Mutumin ya dube ni ya ce, ai ƙanwarka ko takardar neman shiga ba ta mayar mana ba. Ni za ki mayar sakarai?"

"Na gaya maka ba na son makarantar nan ta Asabar da Lahadi."

"Ce min kika yi kin yarda. A gaban Umma kika faɗa!"

"Don ka sake min wuya na faɗa."

Ya kai mata ƙafa a cinya. Ta ja jiki ta maƙale a bayan tebur, kunnenta na kuka.

"Digiri digiri ne. Can takarda, nan takarda. Mene ne bambancin?"

"Akwai bambanci, Yaya! Na shiga ajinsu na zauna na gani. Yadda za ka gyara murya ka yi magana a banki suke koyarwa. Tambaya ɗaya na yi wa malamin, ya ce ba ta cikin manhaja. Can kuwa lissafin ne tsurarsa, safe da yamma, da mutanen da suka fi ni. Ina son in zauna a ɗakin da ni ce daƙiƙiyarsu, ko sau ɗaya a rayuwata!"

"Ki tafi can ki zama daƙiƙiya, ni kuma wa zai gaya min ranar riƙewa da ranar sayarwa?"

Yauwa. An zo wurin.

Duk kasuwar ƙarfe ta yarda Yaya hanci gare shi, wai yana jin ƙamshin farashi tun daga nesa. Har akwai masu cewa wani abin yake binnewa a fili. Abin da ya binne kuwa ga shi nan a bayan tebur da shatin yatsu biyar a kumatu. Ita ce take cewa riƙe, ya riƙe, ta ce saki, ya saki, ya fita waje yana baza kafaɗa ana masa kirari. Makarantar Asabar da Lahadi ba don ilimi ya zaɓa mata ba, don ta rage masa Litinin zuwa Juma'a ne.

Ya fizgi kwamfutar, igiyar caji ta tsinke. Ya wulla ta waje ta ƙofa.

"Guduma!"

Ƙaton yaronsa da ke fasa injuna a fili ya taso, gudumar da ta ba shi suna tana kafaɗa.

"Oga?"

"Daka min ita."

"Yaya, kar ka yi! Aikina na shekaru yana ciki! Yaya, don Allah!"

Guduma ya ɗan dubi Auta, ya dubi Oga, ya ɗaga. Bugu ɗaya allon ya tarwatse. Na biyu maɓallan suka watse a ƙasa kamar haƙora. Bai tsaya ba sai da ta zama abin da za a iya ɗorawa a sikeli.

Ban san me ya shiga kan Auta ba. Ita ma ba ta sani ba. Guntun rodin da ake tokare taga da shi ta tsinta a hannunta, ta yi kukan kura ta sauke wa Yaya a saman gira.

Jini ya ɓalle, ya rufe masa ido ɗaya.

Ya shafa, ya dubi tafinsa, ya dube ta. Har wani murmushi ya yi.

"Ni kika fasa wa kai?"

Ta juya za ta gudu, ya damƙo ɗankwalinta haɗe da gashi, ya ja ta a ƙasa tun daga cikin kwantena har tsakiyar fili. Gwiwoyinta suna karta a kan gutsattsarin ƙarfe, takalminta ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa, wayarta ta zame daga aljihu ta faɗi can kusa da babban sikeli. Mai yanka ya kashe injinsa, masu loda mota suka sunkuyar da kai suna kallon ƙafafunsu, kowa yana tsoron abincinsa.

Yaya ya zaro guntun kebul daga tarin da ke gefe, mai kauri kamar hannun jariri. Ya zuba mata a baya.

"Makarantar nesa ko?"

Ya ƙara.

"Farfesa ko?"

Ya ƙara. Rigar ta tsage, fatar ta bi ta.

Mai sikeli, tsohon da ya yi aiki tun zamanin Baba, ya taho yana ɗingishi ya rungume hannun.

"Haba, ɗana! Ƙanwarka ce fa! Ka dubi Allah, ka dubi marigayi!"

Yaya ya yi wurgi da shi. Tsohon ya faɗa cikin tarin gwangwanaye, hularsa ta yi nata wuri, ya kasa tashi.

Ambaton marigayin nan ne ya dawo wa Auta da numfashi. Ta ɗago kai, bakinta cike da ƙasa da jini, ta tofar.

"Yaya, wannan kebul ɗin da kake dukana da shi, na wace unguwa ne?"

Hannunsa ya tsaya a sama.

"Me kika ce?"

"Na ce na wace unguwa ne. Su wa suke zaune cikin duhu yau?"

"Guduma, rufe mata baki."

Guduma ya sunkuyo ya toshe mata baki da tafinsa mai warin baƙin mai. Ta kafa masa haƙora har sai da ta ji sun haɗu. Ya yi ƙara ya fizge yana yarfa hannu, ita kuwa ta ɗaga murya yadda na bakin titi ma zai ji.

"Ranar da Baba ya rasu! Ana zaman gaisuwa ka tashi ka fita, ka ce za ka karɓo baƙi a tasha. Ka dawo babu baƙo ko ɗaya, rigarka tana warin roba. Na ɗauka hayaƙin hanya ne. Yau na duba ranar da na goge daga lissafina don ta fita daban, na gani, Yaya. Ranar filin nan ya karɓi jan ƙarfen da bai taɓa karɓa ba. Daga ina aka kawo shi?"

Ta ƙara ɗaga murya.

"Daga ina!"

"Ni ba na yanka kebul," ya ce, muryarsa ta sauka. "Saya nake. Wanda ya kawo in auna. Ba na tambayar kowa."

"Ka gane shi ko ba ka gane shi ba?"

Ya kau da kai, ta maimaita.

"Ka gane shi?"

"Na gane shi!" Ya daka tsawar da sai da ta razana. "Da tambarin asibitin a jikin robar, na gani da idona! Me kike so in yi? In mayar musu in ce ga shi ku jona, ku tayar min da ubana? An riga an binne shi! Na sa aka ƙona robar, na auna, na rufe bakina. Shi ke nan, kin ji daɗi?"

Auta ta fashe da kuka, kukan da dukan kebul bai sa ta yi ba. Baƙin ciki ne tsantsa, da ƙyamar duk lomar da ta ci a gidan tun daga ranar.

"Allah ya isa, Yaya. Wallahi ko za ka kashe ni sai na tafi. Ba zan ƙara kwana ina yi maka lissafi ba."

Ya tsuguna a gabanta. Jinin girarsa yana ɗiga a kan hannunta. A hankali ya yi maganar, kamar mai lallashi.

"Allah ya isa? Ni? To, tunda ke ce mai lissafi, lissafa min wannan. Wa ya ce in tara jan ƙarfe a satin?"

Ta daina kukan, ta dube shi.

"Kin manta? Kina ajin ƙarshe a jami'a. Kika same ni a kwantenar can da 'yar kwamfutarki, kina tsalle kamar an ba ki kyautar mota. Yaya, na gano! Farashi zai tashi ƙarshen sati, ka tara jan ƙarfe ko ta halin ƙaƙa! Haka kika ce, ko ta halin ƙaƙa. Hasashenki na farko ke nan. Na yarda da ke, na aika wa yaran da ke kawo mana kaya cewa na ƙara farashi, duk mai jan ƙarfe ya kawo. Kin ɗauka a bishiya suke tsinko shi?"

"Ni ban ce a yi sata ba..."

"Ni ma ban ce ba."

"Ban sani ba, Yaya, wallahi ban sani ba..."

"Farashin kuwa ya tashi, kamar yadda kika faɗa. Ko kin manta har murna kika yi a ɓoye ana cikin makoki, kika raɗa min a kunne, ka gani ko?"

Ba ta manta ba. Da ma ta manta.

"Saboda haka ki zauna," ya ce yana miƙewa. "Ni da ke igiya ɗaya ce ta ɗaure mu. Ki yi ta Asabar da Lahadinki, ki dawo ki zauna a kujerarki. Ba za ki je wata uwa duniya ki buɗe wa wata Farfesa cikinmu ba."

A daidai nan wayar da ke ƙasa kusa da sikeli ta yi ƙara ta kawo haske. Saƙon tuni ne daga makarantar. Daga inda take kwance Auta tana hango su, kore da ja, gefe da gefe.

Ba ta yi tunani ba. Ta ja ciki ta miƙa hannun dama.

Takalmin Yaya mai bakin ƙarfe ya sauka a kan yatsun. Ya murza. Ƙarar da suka yi kamar an taka busasshen kara, kuma kowa a filin ya ji ta. Auta ta yi ƙarar da muryarta ta tsage a tsakiya, duniyar ta yi mata fari.

"Danna mu gani," in ji shi.

Sai aka ji faɗuwar kwano a bakin get.

Kular abinci ce ta kife a ƙasa, murfin yana ta juyi shi kaɗai. Umma ce a tsaye. Kullum da rana ita take kawo musu abinci da kanta, wai zaman gida yana sa ta tunani. Babu wanda ya ga shigowarta, babu wanda ya san tun yaushe take wurin, sai dai fuskarta ta nuna babu abin da ya wuce ta.

Yaya ya ɗage ƙafarsa da sauri, ya jefar da kebul ɗin ta baya kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Umma... rashin kunya ta yi min, dubi goshina..."

Ba ta dubi goshin ba. Ta tako a hankali ta ratsa ma'aikata, suna darewa. Ta wuce tarkacen kwamfuta, ta wuce Mai sikeli da ke nishi a cikin gwangwanaye. Ta tsaya a tsakanin 'ya'yanta biyu.

"Da tambarin asibitin a jiki," ta ce.

"Umma, ki bari mu je gida in yi miki bayani."

"Ka gani da idonka."

"Umma..."

"Ka dawo ka zauna kusa da ni a tabarma, ina cewa hannuna ne ya gaji, kana cewa Umma ki yi haƙuri." Ta ɗaga hannuwan nan biyu masu rawa ta dube su kamar yau ta fara ganinsu. "Kullum sai na roƙi Allah Ya yafe min. Kullum. Ina cewa da na ƙara dauriya kaɗan, da an kawo wuta yana da rai. Ashe wutar tana ramin bayan fili kana ƙona ta."

Yaya ya durƙusa. Wannan ƙaton da fili guda ke tsoro, gwiwoyinsa suka bugi ƙasa.

Umma ta juya ga Auta.

"Ke kuma, gaskiya ya faɗa? Ke kika ce ya tara?"

Auta ta so ta ce ba ta sani ba. Ta so ta ce ita yarinya ce a lokacin, lambobi kawai ta gani. Duk gaskiya ne, amma bakinta ya ƙi ɗaukarsu.

"Ni na ce, Umma."

"Kika ga abin ya fita daban, kika goge."

"Na goge."

Umma ta gyaɗa kai. Ta sunkuya ta ɗauki wayar daga ƙasa, ta goge ƙurar da bakin mayafinta. Ita ce fa ta fi kowa dagewa a kan makarantar cikin gari. Ita ce take riƙe hannun Auta da dare da rana tana cewa, ke ce autata, ki zauna inda idona zai riƙa ganinki, ba ni da sauran ƙarfin rabuwa da kowa.

"Wannan ne na tafiyar?"

"Umma, ba ni wayar," in ji Yaya daga durƙushe. "Idan ta tafi filin nan ya mutu. Mutanen nan duk da su..."

"Ban tambaye ka ba." Ko kallonsa ba ta yi ba. "Auta, wanne ake dannawa?"

Auta ta rungume karyayyen hannunta a ƙirji. Watanni tana mafarkin wannan dannawar, ta ɗauka ranar za ta yi tsalle har ta taɓa rufi. Yanzu ji take da Umma za ta danna ja, ta ɗaga ta ta rungume ta, da ta zauna har abada ba ta ƙara ambaton wata makaranta ba.

"Umma, in kin ce in zauna zan zauna. Wallahi zan zauna. Na fasa."

"Wanne ake dannawa?"

"...Kore."

Umma ta ɗaga yatsa. Auta ta zuba masa ido tana jiran ya yi rawar da ya saba, ya kauce, ya faɗa kan ja ko ya zame gefe.

Bai yi rawa ba. Ya sauka a kan kore ɗaram, wayar ta yi ɗan kuka, rubutun taya murna ya cika allon.

Umma ta ajiye mata wayar a kan cinya.

"An ɗauke ki. Tashi ki je a ɗaure miki hannu, ki haɗa kayanki."

"Umma, na gode, Umma ki yafe..."

"Kada ki gode min. Ba don na yafe miki na danna ba." Muryarta ko girgiza babu. "A da ina cewa ki zauna inda idona zai gan ki. Yanzu idon nawa ne ba ya son ganinki. Ki je can su koya miki lissafin da ake tambaya kafin a ce ko ta halin ƙaƙa."

Da a ce kebul ɗin aka ƙara zuba mata da ya fi mata sauƙi. Auta ta kifa kai a ƙasa tana kiran sunan Umma, Umma kuwa ta riga ta ba ta baya.

"Mai sikeli, in za ka iya tashi, fitar min da ita. Ku ma duk ku fita. Kai Guduma, tsaya."

Ma'aikata suka yi rige-rigen fita. Tsohon ya lallaɓo ya kama Auta ta kafaɗa, suna jan juna har bakin get. A nan ta waiwaya.

Umma ta miƙa wa Guduma hannu.

"Ba ni."

"Umma, tana da nauyi fa..."

"Na matsa jakar roba tun asuba har hantsi. Ba ni."

Ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, kan gudumar ya ja ƙasa, ta jawo ta har gaban babban sikeli. Sannan ta dubi ɗanta na fari, wanda har yanzu yake durƙushe jini na bin fuskarsa.

"Da wane hannu ka auna shi?"

"Umma, don Allah..."

"Da wane hannu?"

"...Dama."

"Ɗora shi a nan."